Tsirkiyar da Fakhri Ya Sassauta

Muryar Sitti Daulat ta tsinke a tsakiyar baiti, a gaban makaɗanta, ana gwajin bikin 'yar wani babban ɗan kasuwar auduga na birnin Tanta a Masar.

Shahinda, ɗalibarta mai yi mata amshi, wadda ke kiran ta Abla, wato Yaya, ta ajiye kofin shayi tana murmushi.

"Sannu Abla... Ni na ce su ɗaure tsirkiya yadda take a faifanki na da. Ashe ba ki sani ba? Shekaru ke nan Ustaz Fakhri yana sassauta molonsa na ud, sauran suna bin sa, don muryarki ta iya kaiwa."

Fakhri, babban makaɗinta, ya shigo a makare, rungume da molon. Daulat ta juyo.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Ka mayar da ni abar tausayi, kowa ya sani sai ni?"

"Daulat, ki saurare ni..."

"Fita."

Wannan Fakhrin ne ya nemi aurenta bayan rasuwar mijinta, ɗanta Midhat ya kore shi, wai makaɗi ba zai hau kujerar babansa ba. Ta yi gum ranar. Shi kuwa washegari ya zo gwaji kamar ba a yi ba.

Bikin dai Shahinda aka ba. Midhat har da kawo wa uwarsa kek ɗin basbusa don murna.

"Alhamdulillahi Mama, yanzu kya zauna da jikoki kamar kowace uwa."

Ta kulle kanta a gida, tana ɗirkar zuma da shayin yansun mai gyara murya, tana ƙwala wa tsohuwar muryarta kira har maƙogwaronta ya fara ɗanɗanon jini. Tsoro take ji, tsoro sosai, don ba ta san ko ita wace ce ba in babu waƙa.

Wata la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Fakhri ne.

"Wa ya kira ka?"

"Maƙwabta. Sun ce ana yanka akuya a saman bene."

"Maƙaryaci, munafuki..."

"Na ji. Matsa in zauna."

Ya sassauta tsirkiyar a kan idonta, ƙasa ma da yadda ya saba.

"A nan muryarki take yanzu. Waccan ta tafi, ba za ta dawo ba. Ja numfashi daga ciki."

"Kai za ka koya min numfashi? Ina waƙa tun kana satar mangwaro!"

"To ja mu gani."

Ta ja, don haushi kawai.

Haka suka yi watanni, yana gyara tana zagi. Wani lokaci sai ta jefe shi da matashi, ya ɗauka ya jingina da shi. Sannu a hankali wata murya ta fito, mai kauri, mai ɗan gurzu, wadda ita kanta Daulat ba ta san tana da ita ba. Ranar da ta kai ƙarshen waƙa ba tsinkewa ta shige kicin ta yi kuka, ta fito ta ce albasa ce.

Bikin da ta samu na 'yar direban bas ne, a lungu, kan kujerun haya. Shahinda ta zo ta kame a sahun gaba, wai ta zo taya Abla. Daulat ta dubi makaɗa, ta faɗa da ƙarfi kowa ya ji:

"Ku sauko ƙasa, ku bi Ustaz. Na tsufa."

Ta fara. Lungun ya yi tsit, har masu rabon lemon sharbat suka tsaya. Uwar amarya ta rangaɗa guɗa tana share hawaye. Kafin a kai baiti na biyu Shahinda ta sulale.

Ana tashi Midhat ya matso, fuska a ɗaure.

"Mama, mota na jira."

"Ka ba Ustaz gidan gaba. Gobe kuma ka kira mai ɗaurin aure."

"Mama, wannan mutumin?"

"Na yi maka shiru a baya, na ji a jikina. Buɗe masa ƙofa."

Fakhri ya ɗago daga kan molonsa.

"Ni ba ki tambaye ni ba."

"To ƙi mana, in gani."

"Ina ni ina ƙi, ruhina..."

Ya sunkuya zai rufe akwatin molon, ya kasa. Ita ta rufe masa, tana mita.