Ranar da Mama Ta Yi wa Katuna Guga

Falon ya cika da katunan gaisuwa. A kan kujeru, a kan tebur, a bakin taga, har kan talabijin. Kowanne kwance shi kaɗai, don tawadar hatimi ba ta bushe ba, gam ɗin furannin takarda kuma bai kama ba. Sana'ar amaryar gidan ke nan: ta sassaƙa hatimi a jikin roba, ta buga a kati, ta ɗinka 'yan littattafan rubutu. Mijinta Dogo yana kiranta Tawada, don yatsunta ba sa rabuwa da shuɗi.

Mama, mahaifiyar Dogo, ta tsaya a ƙofa da kofin shayi.

"To ni ina zan zauna? A kan fanka?"

"Yi haƙuri Mama, gobe mai shago zai zo ya kwashe."

"Kullum gobe! Mace da aurenta tana yanke-yanken takarda kamar 'yar firamare."

Tawada ta dubi Dogo. Dogo ya dubi wayarsa.

Da hantsi ta fita sayen ambulan. Da ta dawo, ƙauri ne ya tare ta tun daga ƙofa. Falo fes. Katunan an jera su wuri guda, a miƙe sambal.

Mama da guga ta raini 'ya'yanta, idonta ba ya iya ganin abu a lanƙwashe. Ta ga danshin gam ya nannaɗe gefen katunan, sai ta jona dutsen guga ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Tawadar ta baje. Furannin sun ƙone. Gam ya narke ya manne kati da kati.

Tawada ta shige ɗaki ta janyo akwati. Dogo ya biyo ta.

"Haba Tawada, sori mana..."

"Kada ka ce mini sori! Oda ce ta mutane! Da gangan ta yi, tun da na zo gidan nan ta tsani aikina!"

"Uwata ce fa. Me zan ce mata?"

"Ni kuma haya ka ɗauko ni? Lokacin da kake nemana, cewa ka yi hannuna zinare ne. Yau ko ka buɗe baki, ko in koma gidanmu!"

Ya fita. Ya tsaya a ƙofar Mama, ya sosa ƙeya, ya dawo.

"Ina jin tana hutawa."

Tawada ta fashe da kuka. Ta cusa kaya a akwati, ta nufi falo ta kwaso hatimanta. A bakin ƙofa ta tsaya cak.

Mama na zaune a ƙasa, ta ba ta baya. Tana ƙoƙarin raba katuna biyu da farce, a hankali. Takardar ta yage. Ta ɗauki wasu.

"Riga ba ta taɓa yi mini haka ba," take cewa ƙasa-ƙasa. "Cewa na yi yarinyar nan ta dawo ta tarar an rage mata aiki."

Maganganun da Tawada ta tara a baki ta haɗiye su da ƙyar. Ta koma ɗaki ta kira mai shago. Ya yi faɗa, ya ce rabin odar zai ba wa wani. Ta ce ta gode. Ta share fuska, ta ɗauko sabuwar takarda da almakashi, ta zauna a ƙasa kusa da Mama ta fara yanka.

Dogo ya tsaya yana kallonsu. Kunya ta kama shi. Ya durƙusa.

"Mama, aikin nan ba wasa ba ne. Sana'arta ce, kamar yadda guga take sana'arki. Ni ya kamata in faɗa miki tun farko, na yi shiru."

Mama ta harare shi.

"Au, ashe kana da baki? Ka bar mu muna ta cin juna, kai kana danna waya! Tashi, dogon banza, ka fitar da kayan da ke ɗakin gugana."

"Mama, ɗakinki ne fa," in ji Tawada.

"Bayana ya gaji da guga. Teburin dogo ne, taga biyu ne, iska na shiga. Ki shanya tarkacenki can." Ta ƙara da cewa, "Kuma ki nuna mini inda ake taɓawa da inda ba a taɓawa."

Dogo ya raɗa wa matarsa, "In mayar da akwatin?"

"Gama kwashe kayan tukuna. Sai na ga aikinka."

A gidan nan aka zauna lafiya. Ku yara masu shirin aure, ku ji da kyau. Ba duk ɓarna ce mugunta ba, a duba kafin a ɗaure kaya. Haƙurin Tawada ya tsare mata aure, ya ba ta ɗakin aiki. Namiji kuma ya sani, shiru tsakanin uwa da mata ba biyayya ba ce, ragwanci ne. A faɗi gaskiya da ladabi, kuma a faɗe ta da wuri.