Rijiyar Bayan Gidan Tangara

Rana ta yi ja a kan kogin Joliba, masu jiragen ruwa suna ta jawo su gaɓa, lokacin da Batoma ta ɗaga murfin tukunya ta ga miya tana motsi. Ba tafasa take ba, don tun la'asar ta sauke ta. Tsutsotsi ne farare masu ƙiba, suna hawa kan juna a cikin romon kifin da ta dafa da hannunta. Ta mayar da murfin a hankali, ta je bayan ɗaki ta amayar da abin da ke cikinta.

A tsakar gida baƙi goma sha biyu suna zaune suna jira. Shekara biyu ke nan da mijinta Lassine Tangara ya mayar da gidan kakanninsa gidan cin abinci, tunda ya lura duk mai zuwa Segu yana son ganin tsohon ginin jar ƙasa. Ya rataye zannuwan bogolan masu rinin laka na kakarsa a bango, randunan da take jiƙa laka a ciki kuma ya wanke su yana tsima giyar mangwaro. Mutanen Bamako da Turawa su ci giwan ruwa da acca, su sha, su ɗauki hoton randunan. Shi ba ya sha, in ji shi, sayarwa kawai yake.

Batoma tana kurkure baki ta ji abu ya faɗo a kan teburin baƙi. Kan kifi ne ruɓaɓɓe. Na biyu ya biyo, na uku ya faɗa cikin kofin wata mata. Babu kowa a kan katanga. Wani wari ya taso ya cika gidan, mai nauyi, irin wanda ke manne wa mutum a maƙogwaro. Baƙin suka fice ɗaya bayan ɗaya da hannu a hanci, ba wanda ya yi sallama.

Haka aka kwana shida. Duk magariba jifa, duk abin da aka dafa kafin a zuba ya lalace. A rana ta bakwai 'yarsu Sanata, wadda ke raba wa baƙi faranti, ta tsugunna a bakin famfo tana wanke hannu, ta ƙi tashi. Ta wanke har fatar ta fara saɓulewa. Da uwarta ta riƙe ta, sai ta ɗago ta dube ta da idanun da ba nata ba.

"Kar ki taɓa ni," in ji ta, da muryar tsohuwa. "Dukkanku wari kuke."

Washegari bayan la'asar Batoma ta kawo Karamoko Basiru daga hayin kogi, dattijon malami marar yawan magana. Tun daga zaure ya ja rawaninsa ya rufe hanci. Maƙwabta sun taru a bakin ƙofa. Ya sa aka zaunar da Sanata a tabarma, ya zauna gabanta ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi, har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Sannan yarinyar ta yi wani dogon tsaki.

"Ya isa, Karamoko. Ni ma ina sallah."

"To wace ce ke, kuma me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Bakinta na ara, don ita kaɗai ce mai tsabta a gidan nan. Ina zaune a busasshiyar rijiyar bayan madafa tun kafin a haifi kakar wancan." Ta nuna Lassine da haɓa. "Tsohuwar ta rufe mana da dutse, muka zauna lafiya. Shi ya ɗage dutsen. Tambaye shi me yake zuba mana."

Lassine ya ce, "Ruwan wanke-wanke ne kawai, Karamoko."

"Da hanjin kifi. Da dusar giya. In baƙinsa suka bugu, nan yake nuna musu su yi fitsari, su yi amai. A kan 'ya'yana." Ta tofar da yawu gefe. "Wannan ma da sauƙi. Batoma, kin san me ya sa ba ya barin kowa ya kwashe faranti sai shi?"

Batoma ta girgiza kai, muryar ta ci gaba.

"Abin da suka tauna suka bari, da ƙashin da suka tsotsa, yana kankarewa da yatsa ya tara a bokiti. Da asuba ya matsa lemun tsami ya juye a tukunyarki kafin ki fito. Baƙin gobe su ci, ke ma ki ci, 'yarki ta ci. Shekara biyu ina kallo. Na gaji, shi ya sa na nuna miki abin da ke cikin tukunyar."

Wata maƙwabciya da ta saba aiko da kwano ta juya ta fita da sauri. Batoma ta dubi mijinta, shi kuma yana duban ƙasa.

Karamoko ya ce, "Kin faɗi naki. Amma yarinya ba bakin aro ba ce. Me za ki karɓa ki fita?"

"Sai ya ci abin da ke cikin bokitin nan nasa a gabana."

"Ba zan sa ɗan Adam cin ƙazanta ba, ko da ya ciyar da ita."

Ta harari Lassine. "To ya shiga rijiyar ya kwashe. Da hannu, ban da shebur. Akwai kayanmu a ƙasa, ina so in ɗauka da tsabta."

"In ya kwashe za ki koma ciki ki zauna lafiya?"

"In koma? Ko da madara ya wanke ta ba na sake maƙwabtaka da shi. Hayin kogi za mu."

Aka ɗaura wa Lassine igiya a ƙugu. Babu maƙwabcin da ya yarda ya matso, sai Batoma da Karamoko ne suka riƙe. Yana cika bokiti suna ja, suna kau da kai. Sau biyu suka ji yana kakarin amai a ƙasa. Ana kiran magariba ya ce ya taɓo busasshiyar ƙasa. A daidai nan Sanata ta yi atishawa sau uku, ta kife a tabarma, ta yi barci irin na mai dogon zazzaɓi.

Da aka jawo Lassine, baƙi ƙirin har wuya, ya nufi famfo. Batoma ta tare hanya.

"Ba a nan ba. Nan muke ɗiban na sha."

Ta ajiye masa sabulu a ƙasa, ta ture shi da ƙafa zuwa gabansa. Ya ɗauka ya bi ta tsakiyar maƙwabta, suna darewa, ya gangara kogi shi kaɗai.