Aljanin da Mansur Ya Tasa Daga Jirgi

Ku matso ku ji, ni ban ƙarya sai in ta kama. Mansur ɗan Tambuwal makanikin jirgin sama ne can kudu. Lokacin korona anka aje wani jirgi shekara biyu, ko tari bai yi ba. Da ciwo ya lafa anka ce su tashe shi. Sunka yaye rufin inji, sunka sake mai, sunka duba taya. A hancin jirgin akwai 'yar kafa mai auna iska. Mansur ya iske gidan zanzaro ciki, ya sa waya ya ƙwaƙule, ko bisimilla babu.

Ran da ya zo gida hutu, ana shirin magariba, Atu matatai na kwasar tuwo. Kaji sunka yi tsit. Tsakuwa ta faɗo kan kwano. Wata ta biyo. Ɗiyarsu Hamdiya ta miƙe, ta buɗe hannuwa kamar fukafukai, tana wani gurnani da ba na mutum ba.

Kwana shida ko ruwa ba su wuce mata ba. Atu ta riƙe rigar Mansur.

"Baban Hamdiya, ɗiyata za ta mutu kana kallo!"

Ya garzaya Kebbe ya ɗauko Malam Gazali. Malam ya yi karatu har zufa ta jiƙe mai rawani, kana wata muryar tsoho ta fito bakin yarinyar.

"Malam, bar ƙona ni. Kango munka iske munka zauna. Mai shiga kango sallama shika yi, ya ba da wa'adin kwana uku. Wanga da waya ya yi muna sallama!"

Malam ya ce, "To mi kaka so?"

"Gidan ƙarfe. Na saba. In babu, nan nika zama."

Mansur ya durƙusa yana kuka. "Ga motata ƙofar gida, wata guda da sayenta. Ɗauki!"

Aljani ya ce, "Tana tashi?"

"Wallahi ba ta ƙara tashi."

Yarinya ta yi atishawa uku, ta ce, "Inna, ruwa."

Motar na nan har yau, tayu sun nutse cikin ƙasa. Mansur kan acaɓa shika zuwa tasha. Ni kaɗai, duk garin nan, na taɓa jingina da ita. Amma sai da na yi sallama tukuna.