Tazarar Yatsa Ɗaya

Ranar da ya fara ganinta, sandar ƙarfe ce a hannunsa, naɗe a tsohuwar jarida. Malamin makaranta ne, alli ya sani ba sifana ba. Ita kuwa tana tsaye gaban injin fiƙe ƙarfe a garejin mahaifinta.

"Sannu da aiki. So nake a rage mini tsawon shaf ɗin nan, kamar faɗin yatsa."

Ta warware jaridar, ta shafa haƙoran da ke kan shaf ɗin. Ta dubi giris ɗin da ya cika mata yatsa, sannan ta dube shi.

"Na injin kwale-kwale ne, kuma ya girme mu. Wa ya ce a yanke?"

"Mai sayar da kayan gyara na bakin titi."

"Ba zan yanke ba, Malam. An daina yin irinsa. In zarto ya taɓa shi, injinka ya zama tarihi."

Injin na mahaifinsa ne, wanda ya rasu bara da niyyar gyara shi. Uwa ta daɗe da rasuwa, 'yan'uwa mata aure ya kai su nesa. In ya tashi daga makaranta sai ya shige ɗakin ajiya, ya zauna gaban injin, don shi kaɗai ke jiransa a gidan. Komai ya haɗu, ban da shaf ɗin da ke kai ƙarfi daga kan injin zuwa farfela. Duk sanda ya ɗaga gindin injin ya tura, sai ya shiga ya cije, saura tazarar yatsa ɗaya.

Ya karɓi lambarta wai don neman shawara. Shawarar da ba ta kai kwana uku ba ta canza hanya.

"Ogata, yau ma ya ƙi. Ko in kawo miki shi ki yi masa faɗa?"

"Mai Shaf, ƙarfe ba ɗalibinka ba ne, ba ya jin tsawa. Ka ci abinci kuwa?"

Ya daɗe yana kallon saƙon. Shekara guda ke nan ba wanda ya yi masa wannan tambayar.

Ashe mai kayan gyaran nan shi ma ita yake so. Da ya ji ƙishin-ƙishin, sai ya kai wa mahaifinta labarin yankan shaf, har da ƙarin gishiri, bai kuma faɗi wanda ya ba da shawarar ba. Mahaifin nata tsohon makanike ne mai kafiya. Ya kira 'yarsa.

"Mutumin da abu ya ƙi masa sai ya ce a kawo zarto? Ran da kika saɓa masa fa?"

"Baba, rashin sani ne."

"To, ya sani. Na san kin gano matsalar tun ranar farko, amma ban yarda ki faɗa masa ba. Ya haɗa shi da kansa, ba guduma, ba matse noti da ƙarfin tsiya. Kafin nan waya ta huta."

Saƙo ɗaya aka yarda ta tura.

"Mai Shaf, Baba ya ce ba magana tsakaninmu sai injin ya haɗu lafiya. Don Allah kada ka tilasta shi."

Sati biyar gidan malamin ya koma gidan jiya. Yakan bi ta gaban garejin ya ga motar mai kayan gyara a ajiye, ya sunkuyar da kai ya wuce. Zuciyarsa ta yi ta raya masa cewa injin hujja ce kawai, an riga an zaɓa mata wani. Ita kuma tana hangensa ta taga, amsar tana bakinta, ba damar faɗa. Kewarsa ta hana ta sakat.

Wata Asabar da hantsi haƙurinsa ya ƙare. Ya sa dogayen notuna, ya kama ɗaurewa don su ja tazarar ta rufe. A juyi na uku ƙarfen ya yi wata 'yar ƙara kamar zai tsage. Ya saki sifanar, ya zauna a ƙasa, kunya ta rufe shi.

Da ya huce, ya kwance komai, ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya haska tocila cikin ramin da shaf ɗin ke shiga. Giris ne danƙare a ciki, kuma nasa ne. Duk ranar da shaf ya ƙi, sai ya ƙara lafta masa a ka, a zatonsa gata yake yi masa. Giris ɗin ya rasa mafita, ya tsaya ya tokare hanya.

Ya ƙwaƙule shi da tsinke da tsumma, ya wanke da kananzir. Ya shafa ɗan kaɗan a gefen haƙoran, ya bar saman a bushe. Ya tura a hankali, yana juya faifan saman injin da ɗaya hannun har haƙora suka sami juna. Gindin ya zauna ɗas. Ya waiga don ya faɗa wa wani, babu kowa, sai ya fashe da kuka.

Da labari ya kai masa, mahaifinta ya zo da kansa. Ya kwance injin, ya duba kan shaf ɗin bai ga sawun guduma ba. Sai ya tsaya a kan wani noti da sifana ta ɗan ci.

"Wannan fa?"

"Na fara matsewa, Baba. Na ji ya yi kuka, na bari."

Tsohon ya goge hannu.

"Wanda ya san inda zai tsaya, ya isa a ba shi mace."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Ranar da za su gwada injin a ruwa, tsohon ya riga su shiga kwale-kwalen, wai zai saurari ƙara. Amarya ta ce Baba ya hana su sakewa. Ja biyu aka yi wa igiyar injin ya tashi, ango ya damƙe hannun tuƙi da ƙarfi.

"Sassauta, ɗana," in ji tsohon. "Ba inda za mu, muna tare da kai. Allah ya yi muku albarka."