Abin da Amarya Ta Ji Nauyin Faɗa

"Tun da ya auro ki ɗana bai sake ganin daidai ba!" Mama ta faɗa tana nuna Amarya da yatsa. "Me kika ba shi ya ci?"

Amarya na durƙushe a tsakar falo. Mijinta Dogo na kan kujera ya zuba wa bango ido. Dogon da ake jin dariyarsa tun daga bakin get, yau shi ne ke jan ƙafar dama, cokali na suɓuce masa, ciwon kai kuwa ya ƙi jin magani.

"Mama, don Allah a kai shi asibiti..."

"Rufe min baki!"

Ba ta gama ba Dogo ya kwara amai, ya sulale ƙasa. Innalillahi! Wansa, Yaya Babba, ya cicciɓe shi sai mota.

A asibiti likita ta haska idanunsa da tocila, ta juyo. "Ya taɓa faɗuwa ko buguwa a kai? Ko da an kwana biyu?"

"Ko kusa," in ji Mama. "Ɗana ba ya ɓoye min komai."

"Ku tuna da kyau. In akwai buguwa, yanzu zan tsallake layi da shi a yi hoton kai. In babu, akwai na gabansa."

Amarya kuwa ta sani. Makonnin baya ta fizge wayar Dogo ta ruga ɗaki, ya biyo ta a guje yana dariya, santsin tayil ya kwashe shi, kansa ya daki bakin gado. Ya miƙe yana sosa ƙeya ya ce ba komai. To ta yaya mace za ta buɗe baki ta faɗi wannan a gaban surukarta da wan mijinta? Ta dubi Dogo. Numfashinsa ya koma wani irin minshari mai ban tsoro.

"Ya faɗi!" Ta rushe da kuka. "Wasan guje-guje muke a ɗaki, ni ya biyo. Laifina ne, Dokta!"

Yaya Babba ya kau da kai. Mama ta riƙe haɓa. Likita kuwa tuni ta sa an tura gado.

Da hoton ya fito, likitan ƙwaƙwalwa ya nuna musu wani tabo a gefen hagu. "Jini ne ya yi ta taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, yana danne ƙwaƙwalwa. Za mu huda ƙashin mu zuƙe shi, yanzu-yanzu."

"Huda kai?" Mama ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Zai tashi kuwa?"

"Za mu yi iya yinmu, Mama. An kawo shi a ƙurarren lokaci."

Suka zauna a benci a ƙofar tiyata. Duk buɗe ƙofa sai gaban Amarya ya faɗi. Can ta ji an damƙe hannunta, da wani hannu mai sanyi. Na Mama ne.

Washegari Dogo ya buɗe ido, kai naɗe da bandeji. Likitan ƙwaƙwalwar ya ce ya matse masa yatsu da hannun dama, ya matse har likitan ya yi dariya.

"Ƙanina, in kun koma gida a shimfiɗa kafet," Yaya Babba ya ce. Amarya ta cusa fuska cikin mayafi.

Mama ta janye mayafin, idonta jajur. "Ɗago ki dube ni, 'yata. Na zarge ki, kin shanye. Da kin ji kunyata jiya, da yau gaisuwar mutuwa nake karɓa. Ki yafe min."

Kunya ado ce ga mace, amma a gaban likita a ajiye ta gefe. Kuma kafin uwa ta zargi matar ɗanta, ta fara tambayar ta abin da ta sani.