'Yan Kallon Ustaz Shaukat

Ana kiran magariba Ustaz Shaukat ya isa tsohon ɗakin ɗaukar shiri da ke birnin Giza. An farfaɗo da shirinsu na barkwanci, "Wa Ya Faɗa?", bayan ya daɗe a kabari, aka sake ba shi kujerar alƙali. A ganinsa ma an makara.

Ɗakin na warin kwata. Tir! Mutum kamarsa, a ce ko turare ba a kunna masa ba.

'Yan kallon haya kuwa, masu tafa hannu don a ba su burodi da wake, har sun cika kujeru cikin duhu.

Madam Suhair, abokiyar aikinsa a shirin tun da can, ta toshe hanci. "Shaukat, su wa aka kwaso mana yau?"

"Masoyana, Madam. Hassada ba kyau."

Ya gyara murya, ya soma da labarin surukar da ta hau jirgi. Bai kai ƙarshe ba suka ƙarasa masa, baki ɗaya, da irin muryarsa ta samartaka.

Ya jawo wani. Suka ƙarasa.

Wayar Madam ta yi haske. Ta karanta, ta raɗa masa: "Motar 'yan kallo tana kan gada. Ba su iso ba."

Ta cire takalmi, ta sulale.

"Sabon labari," in ji wata murya a layin gaba, kamar ana kurkure baki. "Muna nan tun wancan zamani. Ba mu sabo."

Ya laluba kansa. Babu. Bai taɓa ƙirƙiro ko ɗaya ba tun da aka rufe shirin.

Kujeru suka yi ƙara. Warin ya matso.

Hannu mai danshi ya sauka a kansa, ya ɗage gashin aron da ko matarsa ba ta taɓa ganinsa babu shi ba.

Harshe mai sanyi ya lashi sanƙon, tun daga goshi har ƙeya.

Ɗakin ya kece da dariya, har fitilu na rawa. A cikinta ya samu ƙofa, yana a'uzu yana amai.

A wannan makon aka sake rufe shirin. Sanƙon ya sha sabulu da ruwan ruƙiyya, yau ma ƙudaje na binsa. Amma ba wannan ke cin ransa ba.

"Rayuwata duka ina harkar nan," yakan ce a gidan shayi, "ban taɓa samun dariya irin wannan ba. Kuma ko baki ban buɗe ba."