Ramin Noti Ɗaya a Gadar Maraku

Ku matso, kai kuma Sule bar wasa da fitilar nan. Kun san gadar ƙarfen da ke kan kwazazzabon Maraku, wadda ta tanƙware kamar bakan maharbi? To, ba ginshiƙi ko ɗaya a ƙarƙashinta. Daga gaɓa biyu aka faro ta, igiyoyin ƙarfe na riƙe da kowane ɓari, har suka haɗu a sama. Da asuba aka haɗa su, don ƙarfe miƙewa yake idan ya sha rana. Da aka saki igiyoyin, nauyin duk ya koma kan duwatsun gaɓa. Duwatsun nan kuwa da masu su.

Cikin masu ɗaure noti akwai Ilu. Shugabansu Jatau amininsa ne, shekara goma sha takwas suna cin tuwo kwano ɗaya. Jatau har sunan Ilu ya sa wa ɗansa.

Ana saura kwana biyu a buɗe gada, injiniya ya duba ya ga rami ɗaya ba noti a can ƙololuwa. Ya ce ba zai sa hannu ba sai an cike shi. Jatau ya kira Ilu gefe, ya miƙa masa noti da sifana, ya ce mantuwa aka yi, ya hau yanzu tunda kowa ya tafi cin abinci. Rana tsaka, lokacin da ko akuya ba ta yawo. Ilu bai kawo komai a ransa ba, ya hau.

Ƙarfen nan zafi har ta cikin takalmi. Da ya kusa ƙololuwa sai ya daina jin ƙarar kogin da ke ƙasa. Tsit. Ya ga sawu a kan ƙarfen, jiƙe, bai bushe ba. Sawun ya nuna mai shi ya sauka, amma ga mai sawun can zaune bakin ramin. Tsohuwa ce, ba takalmi, dugaduganta na gaba.

Ilu ya yi sallama. Bakinta bai motsa ba, daga ƙasan kwazazzabo amsar ta taso.

"Ba kai muke jira ba."

Ta gaya masa kafin a kafa ƙarfen farko Jatau ya zo musu, su masu duwatsun, da ƙwaryar nono, ya roƙi dutsensu. Suka yarda, bisa sharaɗin a bar musu rami ɗaya su riƙa wucewa. Wanda ya toshe shi, nasu ne.

"Ɗazu ya dawo," in ji ta. "Ya ce zai aiko ɗan'uwansa. Ya ba mu sunanka da na uwarka."

Wallahi ba tsoro ne ya kama Ilu ba, baƙin ciki ne. Sunan uwarsa, Jatau kaɗai ya taɓa gaya wa.

Tsohuwar ta karɓi notin, ta hura masa iska, ta mayar masa. Ya yi sanyi kamar ƙanƙara.

"Kai wa mai shi, da shi muka yi alkawari, ba da kai ba. Kada ka waiwaya."

Ya sauko. Ya tarar da Jatau zaune a inuwa, ya zuba tuwonsu, amma rabon mutum ɗaya ne a kwanon. Jatau ya ɗago, ya gan shi, loma ta faɗi daga hannunsa.

"Ilu, ina da 'ya'ya..."

"Na sani. Ɗaya ma sunana gare shi."

Ya ajiye notin cikin kwanon, sifanar a gefe, ya ɗauki jakarsa, bai sake waiwayar Maraku ba.

Washegari aka ga an cike ramin, an ɗaure tam. An ga sifanar Jatau a ƙololuwa, da takalmansa a jere. Shi kam har yau ba a gan shi ba.

Direbobi sun ce notin nan ko a tsakiyar bazara raɓa yake yi. Don haka in hanya ta kai ku Maraku da rana tsaka, ku zauna ku jira abokin tafiya. Kuma ku duba da kyau wa ya aike ku.